Ƙari a ƙwaƙwalwa: abin da masu jinya suka ja hankali a kai

Da masu jinya suka tattauna kan alamomin ƙari a ƙwaƙwalwa, shawarar da ta fi yawa ita ce kada a ɗora wa iskoki farfaɗiyar da ta fara wa mutum yana babba. Haka nan ciwon kan asuba mai zuwa da amai, ko raunin ɓarin jiki. A nemi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ya fi hoton CT fito da ƙari.

Ba kowane ƙari ne sankara ba. Rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun kasa ƙarin ƙwaƙwalwa mataki 1 zuwa 4, na 4 shi ne mafi tsanani. Yawancin meninjiyoma (ƙarin da ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa) mataki 1 ne, tiyata kan wadatar. Giliyoblastoma (wata sankarar ƙwaƙwalwa) kuwa mataki 4 ne, sai an haɗa tiyata da gashin sankara (radiotherapy) da maganin temozolomide. Ni dai na fi jaddada a karɓi sakamakon gwajin tsokar da aka ciro, domin shi ke fayyace maganin da za a bi.