Farin ruwan inabi na ganga: da wane abinci zai tafi?

Ladi: Jama'ar zaure, barkanmu da yamma. An ba ni girkin liyafa a Barnawa ranar Asabar. Mai bikin ya sayo farin ruwan inabi, Chardonnay na Afirka ta Kudu, wanda aka tsuma a gangar itacen oak. Ni kuwa farfesun kayan ciki da tsire na shirya. Za su tafi tare?

Baba Bulus: 'Yata, janye farfesun nan. Wannan ruwan inabin da attaruhu ba sa ga maciji. Kafin a zuba ruwan sai an babbaka cikin gangar da wuta, yawanci mai cin lita 225, ya yi watanni a ciki. A nan yake ɗauko ƙamshin banila da ɗan hayaƙi, launinsa ya koma ruwan zinariya, ya yi nauyi a baki kamar an ɗiga masa man shanu. Yaji ya hau kansa, ɗaci da zafi kawai baƙinki za su ji.

Ladi: Wayyo Baba, har na yi cefane!

Baba Bulus: Kai farfesun wani teburin. Gasa kaza da man shanu da tafarnuwa har fatar ta yi ja, ki haɗa da dankalin Jos. A Burgundi ta Faransa, mahaifar wannan inabin, kaza mai romon madara ce abokiyarsa.

Maman Talatu: Ni dai waina da miyar taushe zan ce. Kabewa da gyaɗa suna da maiƙo da ɗan zaƙin da zai karɓe shi, ki dai sassauta hannu wajen attaruhu. Tarwaɗar banda ma ta yi, hayaƙinsu ɗaya. Tsiren ki bar shi da ƙuli-ƙulinsa, yajin ya zauna a gefe.

Yakubu: Anti, kar ruwan inabin ya ƙanƙare. Sanyin digiri 10 zuwa 13 ya isa, in ya fi haka sanyi ƙamshin ɓuya yake.

Hajiya Mai Girki: Ƙanwata, kar ki manta da mu da ba ma sha. Wannan akwai barasa a ciki, ki ware teburinsa da kofunansa, ki kuma gaya wa masu rabo. Mu ki dama mana kunun aya da dabino da kwakwa, shi ma yana bin gasasshiyar kaza.

Ladi: An gama, Hajiya. Mudu nawa na aya zan jiƙa wa mutum 40?