Na faɗa wa Triss ina sonta, yanzu kuma ga Yennefer

sabon_shiga:
Salam yan uwa, dan Allah wanda ya gama gem ɗin Witcher 3 (wanda ake bugawa a matsayin jarumi Geralt) ya taimaka min. A Novigrad lokacin da Triss za ta hau jirgin ruwa ta gudu da matsafan nan zuwa Kovir na ce mata ta tsaya ina sonta, kuma ta dawo, to yanzu ina Skellige Yennefer ta ja ni neman wani aljani kuma wlh yadda take magana zuciyata ta fara rawa. Zan iya haɗa su biyun ne ko akwai matsala?

dogo_mai_pad:
Hhhh malam kana so ka yi wa mayya kishiya? Gwada ka gani. Su biyun za su gayyace ka masaukin Kingfisher, kana ta murna kakarka ta yanke saƙa, su ɗaure ka a gado su yi tafiyarsu, da safe Dandelion, mawaƙin nan abokin Geralt, ya zo ya kwance ka yana maka dariya. Ba tsuntsu ba tarko har ƙarshen gem ɗin. Ni haka ta faru da ni a 2016 kuma sev (ajiyar inda ka tsaya a gem) ɗaya nake da shi, ban taɓa gem ɗin ba kusan sati biyu don haushi.

yar_gidan_kaka:
Tunda ka riga ka furta wa Triss, in kun hau kan dutsen nan aljanin ya warware tsafin da ya ɗaure ka da Yennefer, kawai ka ce mata ba ka jin komai yanzu. Amma ka shirya, kallon da za ta yi maka sai ka ji kamar ka kashe kwamfutar. Ni dai Yen (Yennefer) nake zaɓa kullum, eh tana da faɗa da izza, amma ita ta riƙe Ciri, yar riƙon Geralt, kamar yar cikinta, kuma duk wahalar neman aljanin nan don ta san ko son gaskiya ne ko tsafi ne ya haɗa ta da Geralt. Triss kam ai lokacin da Geralt ya manta komai ta samu shiga, wannan ban yafe mata ba.

sabon_shiga:
Kai aunty kin ƙara rikita ni. Ina da tsohon sev kafin tashar jirgin amma awa wajen tara zan maimaita.

dogo_mai_pad:
Awa tara a gem ɗin da ke cin sama da awa 100? Koma abinka in Yen kake so. Sumbar da kuka yi da Triss a walimar gidan Vegelbud ba ta lissafi, kalmar so ce kaɗai ke kama mutum.