Maɗaci uku a gona: injin yanka 070 zan saya ko 381?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai tsofaffin maɗaci uku a gonarmu ta gado wajen Kaciya, faɗin gindin kowanne ya kai mita 1 da santimita 20. Ɗaya ya karkata kan katangar maƙwabci, kuma gindinsa ya fara kogo. So nake in kayar da su kafin damina in fitar da katako. Kuɗin injin yankan itace mai sarƙa guda ɗaya gare ni. Stihl 070 ko MS 381?

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Sayi ɗan China 5800 ka huta. Girman injinsa cc 58, takobi (ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai) inci 22, kayan gyaransa ko'ina akwai.

Oga Mai Katako: Ɗan Rigasa, ka karanta tambayar kuwa? Wannan injin na sassabe da yanka itacen girki ne. Baban Hafsa, ga lissafin. 381 cc 72 ne, nauyinsa wajen kilo 6.6, yana jan takobi inci 25 lafiya. Da shi za ka iya kayar da itacen idan ka yanko ta gefe biyu, domin inci 25 santimita 63 ne, ninki biyu ya rufe faɗin da kyar. Amma tsaga gungume a tsaye don fitar da falanki wani aiki ne daban, yini guda injin na kuka cikin itace. Nan 070 ke da bakin magana: cc 105, takobi inci 36, sarƙa mai manyan haƙora, ba ya gudu sosai amma ba ya sarewa. Aibinsa biyu. Ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura takobi, kuma ba shi da birkin sarƙa. Idan hancin takobi ya taɓa wani abu ya yi tsalle baya, babu abin da zai tsayar da shi sai hannunka.

Malam Garba Makaniki: Kafin a yi gardamar lamba, a fara tambaya ko na asali ne. Ga wani 070 nan a kan teburina, na wani bawan Allah da ya sayar da bijimai biyu ya saya, an rantse masa daga Jamus yake. Kwana goma sha ɗaya ya yi aiki. Na kwance salansa na leƙa, fistin ya karce daga sama har ƙasa, ringi ya manne a raminsa, rufin cikin silinda ya ɓare kamar bawon gyaɗa. Na ja igiya, ba nauyi ko kaɗan. Mai shagon ya ce laifin gaurayen fetur da mai ne, ya ƙi karɓa. Mutumin nan ya ci bashin kuɗin yara masu ɗauko katako, ga gungume bakwai kwance a daji, ga ruwa na tafe. Jiya ya zauna a bencina ya kasa cin abinci. Jabun nan fentinsa da tambarinsa ba su da maraba da na gaske, sai ka duba lambar da aka buga a jikin injin, ka nemi takardar garanti daga dila mai rijista.

Ɗan Rigasa: Allah ya mayar masa da alheri. Amma ni dubu 250 aka ce min 070 sabo fil.

Alhaji Na Zariya: Dubu 250? Na asali ya wuce miliyan tun tuni, ɗana. Wanda ka gani shi ne irin wanda ke kan teburin Malam Garba.

Abu Sadik: Ni kuma dubu 600 na ji ana ciniki, wai tokumbo ne.

Oga Mai Katako: Mai shagon ma bai yi ƙarya duka ba, gauraye mara kyau na kashe inji ko na asali ne. Da man tu-sitirok mai kyau, mililita 100 cikin lita 5 na fetur, wato 50 da 1. Idan man ba ka yarda da shi ba, 200 cikin lita 5. A girgiza jarka kafin a zuba, kuma kar a ajiye gauraye ya wuce wata. Masu zuba baƙin man da aka juye daga mota a tankin sarƙa su sani ɓurɓushin ƙarfen ciki ne ke cinye famfon mai da ramin takobi.

Malam Garba Makaniki: Oga, a zafin Afrilu ni 40 da 1 nake sa mutane su yi, ko me littafi ya ce.

Oga Mai Katako: Malam, kai gawa ake kawo maka, mu ke tare da injin yana da rai. Mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe.

Malam Garba Makaniki: Mai wankan gawa ai shi ya san abin da ke kashewa.

Abu Sadik: To mu masu gatari sai mu zo ta'aziyya kawai.

Baba Sarkin Daji: Yara, duk kun bar abin da zai iya cin rai. Itacen da ya karkata kuma yake da kogo ba ya bin doka. A lafiyayyen itace ana buɗe baki ta gefen da ake so ya faɗi, zurfin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa, sannan a yanko ta baya sama da bakin kaɗan, a bar tsakiya kashi ɗaya cikin goma ba a yanke ba, a nan santimita 12 ke nan. Wannan ragowar ita ke riƙe itacen tana juya shi. Idan cikin ruɓaɓɓe ne, ba ta riƙe komai. A buga gindin da bayan gatari a saurara, a fara rage rassan da ke gefen katanga, a ɗaura igiya mai ƙarfi can sama, a tanadi weji (abin cusawa a tsagar yanka) na roba ko na itace, ba na ƙarfe ba. Hanyar gudu ta baya a karkace, kuma kowa ya yi nisan tsawon itacen sau biyu da rabi. Maɗacin gona kan ɓoye tsohuwar ƙusa da waya, ga ƙasar gara a ɓawo, sai a sassaƙe ɓawon inda za a yanka. Magagarin sarƙar 070 milimita 5.5 ne, na 381 kuma 5.2. Wasa haƙori digiri 30 don yankan gicciye, 10 don tsagawa.

Alhaji Na Zariya: Kuma ka karɓi takardar izini daga sashen gandun daji tukuna, ko a gonarka ne.

Oga Mai Katako: Takardar da za ka biya, ka biya a shinge, ka sake biya a shinge na gaba? Mai maɗaci uku ake tarewa. Madobiya kuwa tun 2017 aka sa ta a jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya, lokacin da ake ta kwashe ta Taraba zuwa China a kwantena.

Abu Sadik: Ga masu gawayi ma sun ƙarar da kirya. Maƙera yanzu sai sun yi nisa kafin su samu.

Baban Hafsa: Na gode ƙwarai. Baba, na buga gindin da yamman nan, yana amsawa kamar ganga har tsawon ƙirjina. Hayar gwani na yini nawa take yanzu, da injinsa da mansa?