Tambaya: lusin ne ko aisolusin?

Assalamu alaikum malamaina. Ɗalibi ne ni a Ngaundere, ina aiki kan wani antibodi (furotin na garkuwar jiki) na ciwon huhun shanu. Firiza ta lalace, ƙwayoyin da ke samar da shi suka mutu, 'yar kwalba ɗaya ta antibodin ta rage mana.

Mun aika samfur waje don a gano jerin amino asid ɗinsa (tubalan ginin furotin), aka daddatsa shi da tiripsin (sinadarin yanka furotin) kaɗai, aka auna nauyin gutsattsarin. A CDR3 na babbar sarƙar antibodin, ɗaya daga sassan da ke kama ƙwayar cuta, akwai giɓi a jerin, ga kuma gurbi biyu masu nauyin 113.08, wanda amino asid biyu, lusin da aisolusin, duk suke da shi. Wata uku ke nan na kasa gaba.

Kimotiripsin zai cike giɓin, ko sai an haɗa da pepsin (su ma sinadaran yanka furotin ne)? EThcD (hanyar farfasa gutsattsari a na'urar auna nauyi) zai raba mini lusin da aisolusin? Don Allah ku taimaka, ragowar ba ta isa gwaji biyu ba.