Albashin Abuja ko rufin asirin Kano? Ku ba ni labarin yadda taku ta kaya

Abban Nana: Assalamu alaikum. Wani kamfani ya ɗauke ni aiki a Abuja, albashi dubu 380. A nan Kano dubu 210 nake karɓa. Mata ɗaya, yara uku, muna haya a Rijiyar Zaki, ɗaki biyu da falo, dubu 550 a shekara. Tun jiya uwargida ta fara ninke kaya, ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Waɗanda suka taɓa irin wannan ƙaura, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Shekarata huɗu a can kafin na tattaro na dawo. Malam, fara tambayar inda ofishin yake. In a Wuse ne ko Garki ko Maitama, to ba nan za ka kwana ba. Irinmu sai Kubwa, Lugbe, Dutsen Alhaji, wasu har Suleja. Ni a Mararaba na zauna, wadda ma jihar Nasarawa ce. Gida irin naka a Kubwa, da na nema, abin da aka yanka mini ya ninka hayarka sau uku, ga kashi goma na dillali, ga na lauya, ga wani kuɗin ajiya wai ko za ka lalata musu gida, kuma duk a dunƙule ake so. Ana sallame asuba nake fita saboda cunkoson Nyanya. Ka makara da minti ashirin, ka yi awa biyu kana kallon bayan motar gabanka. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya zama shi ne babban ɗana. A tsakiyar birnin babu ɗan acaɓa, Adaidaita Sahu ma ba ko'ina ake barinsa ba, saɓanin nan da za ka tare shi a ƙofar gida.

Maman Walid: Bari in yi magana da bakin uwargidanka, don mu ke riƙe da tukunya. A Kano da kaka maigida yake zuwa Dawanau ya sayo gero da masara da wake, mu jibge. Kayan miya a 'Yankaba, kwando guda mu raba da maƙwabciya mu shanya. A can kuwa, tumatirin da nake saya da tsada sau da yawa daga Kadawa ya taso, kuɗin motarsa nake biya. Amma ba cefane ne ya fi ƙona mini rai ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, babu wanda zan miƙa wa yara. A nan sai in aika su wajen Hajiya, ko ƙanwata ta zo ta kwana. Can komai kuɗi ne, har mai taya ka jiran jariri. Kuɗin makarantar yara kuwa, Allah dai Ya rufa asiri.

Injiniya Sharaɗa: Jama'a, ku ji tsoron Allah, Kano ma ba kyauta ake zama ba. Wa ya lissafa wa Abban Nana kuɗin 'yan garuwa? Da na anko, da gudummawar biki, da ragon sunan ɗan ƙani? Ni sai da na bar garin nan na fara ganin ragowar albashi a ƙarshen wata. Mafi ƙarancin albashi a 2024 dubu 70 ne a tarayya, Kano ta sa nata dubu 71, ka ga a ƙasa babu tazara. A sama tazarar take. Na tafi a kan abin da bai kai naka ba, bayan shekara biyu wani wurin ya kira ni ya kusa ninka mini, don can ne ma'aikatun tarayya da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji suke, ana ganinka. Illa dai ranar da dangi suka ji kalmar Abuja, wayarka ta daina hutawa.

Baban Ikram: Ni iyali na bari a Hotoro, mu uku muka haɗa kuɗin ɗaki a Kubwa. Duk mako biyu ina hawa jirgin ƙasa zuwa Rigasa, in ƙarasa Kano a mota. Kuɗi kam ana ragewa, sai dai tukunya biyu kake ɗorawa. Wata Juma'a na iso, autata ta ɓuya a bayan mahaifiyarta tana leƙena kamar baƙo. Har yau abin yana raina.

Abban Nana: Allah Ya saka muku da alheri. Na zauna da biro da takarda. Ƙarin dubu 170 ne a wata, miliyan biyu da dubu 40 a shekara. Da na cire bambancin haya da kuɗin mota yadda Ɗan Kurna ya faɗa, abin da ya rage ko makarantar yara bai biya ba. Amma maganar Injiniya ta shige ni. Gobe zan tambaye su ko suna ba da kuɗin gida. In sun yarda, zan fara tafiya ni kaɗai wata uku, akwai ɗan baffana a Lugbe. Uwargida na ce ta dakata da ninkin kaya, ta ɗan ɓata rai. Hajiyarmu kuwa da na je mata da zancen, ba ta ko tambayi albashin ba. Cewa ta yi wa zai riƙa kai ta awon hawan jini ranar Talata.