Ana so a ɗibi jinin jaririyata, Inna ta ce sai bayan arba'in

Maman Abba, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah ya sauke ni lafiya ranar Litinin, an samu mace, yau kwananta huɗu. Ni da maigida duk AS ne, ba mu sani ba sai da Abba ya kai wata takwas, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura. Muka yi ta shafe-shafe muna cewa sanyi ne, kafin a ce mana sikila ce. Wannan karon da za a sallame mu, ungozoma ta ce in dawo da yarinya a ɗibi jini a dunduniyarta. Inna, mahaifiyar maigida, ta ce ba a taɓa jinin jariri ba a yi suna ba, ni kuma ba fita sai na yi arba'in. Ta ce yarinya fes take, me ake nema a jikinta? Ba na son saɓa mata, ita ke min wankan jego. Jira har arba'in zai cutar da ita?

Anti Ungozoma, Marwa: Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya. Inna ta yi gaskiya cewa yarinya fes take, amma ko mai SS haka yake a kwanakin nan. Jariri yana zuwa da irin jinin da ya yi amfani da shi a ciki, shi ke rufe cutar, sai wajen wata huɗu zuwa shida ya ja baya, ciwo ya fito, kamar yadda kika gani ga Abba. Tun da ku biyu AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma samun Abba bai rage wa ƙanwarsa komai ba. Amfanin sani da wuri shi ne in SS ce, tun tana wata biyu ake fara ba ta fenisilin safe da yamma har ta kai shekara biyar, a cika mata rigakafi, ta kwana a gidan sauro, zazzaɓi kuma ba a kwana da shi a gida. Ƙwayoyin cuta da maleriya ne ke ɗauke yaran nan tun ba a san suna da sikila ba.

Amma abin da ya fi sa ni cewa kar a jira shi ne ɗaya gwajin da ake yi da jinin dunduniyar, na ƙwayar maƙogwaro, wadda in ta kumbura muke ce mata maƙoƙo. Cikin jarirai 2,000 zuwa 4,000 ana samun ɗaya da tasa ba ta aiki. Irin yaron nan ne ake yabo, wai mai haƙuri ne, ba ya kuka, sai barci. Ƙwaya ɗaya ce kullum maganinsa, amma so ake a fara cikin sati biyun farko. In aka makara ƙwaƙwalwa ta taɓu, ba ta dawowa.

Baban Sadiƙ, Ngaundere: A ɗakin gwaji nake aiki. Hajiya, kar ki yarda a yi mata gwajin sikila na Emmel kaɗai a ce an gama. Ba ya bambance AS da SS, kuma a jariri yana iya nuna babu alhali akwai. Ki ce elektroforez kike so, gwajin da ke bambance su. Cibiyar gwaji ta Centre Pasteur na da reshe a Garwa, maigida ya je ya tambaya. Jinin kuma ɗigo kaɗan ne a kan takarda, bai kai na kaciyar cibiya ba ma.

Hajiya Babba, Kusseri: Ku yaran zamani komai asibiti. Mu goma muka haifa ba a soki dunduniyar kowa ba. Amma dai 'yata, ba ke za ki ja da surukarki ba. Ɗanta ya same ta a ɗaki su biyu, ya tuna mata daren da suka kwana da Abba yana ihu. Ya ce mata ita za ta riƙe jikar a wajen ɗibar jinin, ke ki zauna gida da jegonki. Tsohuwa in an ba ta girmanta ba ta ƙi.

Maman Biyu, Njamena: Tun da shawara kika zo nema, ki duba idonta ko akwai ɗaya shawarar. In ya yi rawaya a faɗa musu gobe, kar a tsaya shanya ta a rana. Kuma ki cire kafur daga akwatin kayanta, akwai jariran da yake fasa wa jini.

Maman Abba, Garwa: Na gode, Allah ya bar zumunci. Hajiya, dabararki muka bi. Maigida ya shiga wajen Inna bayan isha, ta ɗan yi faɗa, daga baya ta ce a shirya mata zanen goyo. Gobe da safe za su tafi su uku. Anti, in shayar da ita kafin su fita ko da yunwa ake ɗiba?

Anti Ungozoma, Marwa: Ki ba ta ta ƙoshi. Kuma su tafi da katin haihuwa, su karɓi ranar da za a dawo karɓar sakamako.