Fankar Hiace tana ruri, ba ta sassautawa

Sani Aboabo: Salamu alaikum. Hiace ce ta haya, injin 5L. Fanka tana ruri tun daga Kumasi har Techiman, ana taka totur tana ƙaruwa. Zafi bai hau ba, amma motar ta yi nauyi. Kulocin fanka ne, wato abin da ke kama fankar yana sakinta, ko famfon ruwa?

Masta Iliyasu: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Rurin safe na minti ɗaya zuwa biyu ba ciwo ba ne. Man silikon da ke cikin kulocin ne ya kwanta da dare, da ya watsu sai fankar ta saki. Wanda ba ya dainawa ne abin dubawa. Kashe inji, zare makulli, ka juya fankar da hannu. Lafiyayya za ta ɗan riƙe hannunka, kana saki ta tsaya. In ta ƙi motsi ko kana jin gurza, boris ɗin ciki ya cije, naka ke nan. In kuwa ta yi juyi uku ko fiye ita kaɗai, mai ya tsiyaye, amma wannan zafi yake kawowa a cunkoso, ba ruri ba. Leƙa naɗaɗɗen sifirin da ke gaban kulocin ma, shi ke jin zafin iskar lagireto. Ƙura da maiƙo na daskarewa a kansa, bawul ɗin da ke sakin man silikon ya maƙale a buɗe.

Alhaji Bawa: Maganar famfo kuma, sassauta bel, ka kama fiffike ɗaya ka jijjiga gaba da baya. In kulocin kaɗai ke wasa, laifinsa ne. In fulin ma yana binsa, boris ɗin famfo ne, galibi za ka ga sawun ruwa a ɗan ramin da ke ƙasansa.

Masta Iliyasu: Haka ne, Alhaji. Kuma Malam Sani, kar ka yarda a ɗaure maka kulocin da noti ko walda, wai maganin zafi. Zai ƙara wa mota shan mai, ya gajiyar da famfo, fiffiken roba ya tsage ya huda lagireto. Noti huɗu ke riƙe da kulocin, kwance su tun bel na ɗaure. Wanda mai kawai ya rasa ana buɗe shi a ƙara silikon, amma in an cika da yawa rurin zai dawo. Wanda ya cije sai canji. In na hannu za ka saya a Magazin ta Suame, kasuwar kayan mota da ke Kumasi, ƙi mai maiƙo a jiki, ka kuma ajiye shi a tsaye har a ɗaura.